Tambaya da Amsa: Wa ya ƙera bindigar da na gada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji bindiga mai baki biyu a wurin kakana, a samanta an rubuta "W. Richards, London". Wani dillali ya ce ƙirar Westley Richards ce mai tsada, kuma ya zura mata harsashin kanti ya zauna daidai. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ya faɗa? Zan iya fita farauta da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sunan da ke saman bindiga ba kullum yake nuna maƙerinta ba. Bindigogi da yawa a birnin Bamingam na Ingila aka ƙera su, kamfanoni irin su Webley & Scott su yi aikin, mai kanti ya buga sunansa. Westley Richards kuwa, da aka kafa a 1812, a Bamingam yake, kuma cikakken sunansa yake rubutawa.

Cire katakon gaba, ka raba bututun da jikin bindigar, ka juya shi. A shimfiɗaɗɗen ƙarfen ƙasa hatiman gwaji suke, wato alamomin da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bututun. Kambi a kan GP na gidan gwajin Landan ne. Sanduna biyu a gicciye, ko BP, BV da BNP, na Bamingam ne, gidan da aka kafa a 1813. In ka ga ELG cikin zagaye mai siffar ƙwai, to daga Liyej ta Beljiyam ta fito, inda aka ƙera masu araha birjik da wannan suna na "W. Richards". In ta tabbata ta Ingila ce, lambar jikinta za ta taimaka, domin manyan kamfanoni irin su Purdey suna riƙe da littattafan cinikinsu.

Maganar harsashin ce ta fi damuna, kuma na gaji da jin ta. "Ai ya shiga" ba hujja ba ce! Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila ɗakin harsashinsu inci 2½ ne, wato kusan milimita 65, na kanti a yau kuwa galibi milimita 70. Tsawon kwanso bayan ya buɗe ake aunawa, shi ya sa kafin harbi yake zamewa ciki lafiya lau. Idan ya tashi, bakinsa zai buɗe cikin wurin da bututun ya fara tsukewa, matsi ya ƙaru. Ga kuma albarushi: bindigar Ingila wadda ba ta da hatimin NP, BNP ko rubutun "Nitro Proof", da baƙin albarushi irin na da kawai aka gwada ta, ba da na harsashin yau ba. In kana ganin zane kamar murɗaɗɗiyar igiya a jikin bututun, ƙarfe ne da aka nannaɗe aka haɗe gaɓoɓinsa da wuta da guduma, tsatsa kan ci shi ta ciki ido bai gani ba. Inda yake yawan fashewa kuwa, nan hannun hagunka yake riƙe.

Dillalai da masu gyaran bakin kasuwa kan goge cikin bututu ya yi ƙyalli don su burge mai saye, alhali ƙarfen suke sirantawa. Daga nan hatimin da aka buga shekara ɗari da suka wuce bai da sauran amfani. Su kuɗinsu za su karɓa su tafi, kai za a bari da jinya.

Kada ka harba ta sai masani ya auna ɗakin harsashi da kaurin bututun. Kuma lasisin kakanka ba ya bin gado, sai ka je wurin 'yan sanda ka nemi naka.