Kwas ɗin kwana biyu na sikanin a ɗakin gaggawa

Likita, ka tambaya ko kwas ɗin kwana biyu ya isa ka fara yi wa waɗanda suka yi haɗari sikanin da kanka a bakin gado. Bai isa ba. Zai nuna maka wurare huɗun da ake dubawa a gwajin FAST, wato sikanin gaggawa da na'urar ultrasound don neman jinin da ya taru a cikin jikin wanda ya yi haɗari: tsakanin hanta da ƙoda, gefen saifa, mara, da kewayen zuciya. Amma ido sai da maimaici yake sabawa. Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka, ACEP, ta ba da shawarar gwaji 25 zuwa 50 a kowane fanni na sikanin, kamar FAST, kuma sai ƙwararre ya duba hotunan. Masu son zurfafawa can har shekara guda suke ƙarawa.

Gargaɗina ɗaya: kada ka amince da hoto mai tsabta a duban farko. An taɓa kawo mini wani ɗan acaɓa, na ɗora na'urar, ban ga komai ba, har na saki jiki. Bayan rabin awa hawan jininsa ya fara sauka, na sake dubawa, sai ga siririn baƙin layi a ƙarƙashin hanta. Jini ne. Tiyata muka nufa da shi nan take.