Ga 'yar uwar da ke son fita da Hajiyarta ƙauyukan Ingila

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da safe na ga tambayarki, na ajiye waya na kasa cewa komai, sai yanzu da yara suka kwanta. Kin ce Hajiyarku za ta zo a watan Yuli ta yi wata biyu, kina so ki fitar da ita ta ga ƙauyuka da tsaunukan nan da ake sa hotunansu, ga shi ba ku da mota, ga ta da ciwon gwiwa, kuma kina fargabar yadda za a kalle ku. Wallahi kamar labarina kika rubuta. Ki yi haƙuri zan yi tsawo.

Lokacin da Innarmu ta zo mana wankan jego, sai da ta yi sati bakwai ba ta taka ko'ina ba, daga asibiti sai kantin da ke bakin layinmu. Mace ce da ta tashi a ƙauye, ta saba da tsakar gida da awakinta da maƙwabta masu shigowa ba sallama biyu. Sai na riƙa samun ta a bakin taga da carbi tana kallon motoci. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kin san su da kawaici. Abin ya dame ni, na ce wa Abban yara ko ta halin ƙaƙa sai mun fita da ita.

Na ga hoton Mam Tor a Facebook, wani tsauni ne kusa da ƙauyen Castleton a yankin Peak District, mutane a samansa suna dariya har da ƙananan yara. Ban tambayi kowa ba. Muka hau jirgin ƙasa daga Mancesta muka sauka a Hope, ranar Lahadi ta ƙarshen Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, ban ma kawo wa raina cewa kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi ba. Tsaunin nan tsawonsa mita 517 ne. Masu mota suna ajiyewa can kusa da samansa su ƙarasa da ƙafa, mu kuwa tun daga ƙasa muka faro, ta cikin gonaki, Inna da takalmi sau-ciki da zanen atamfa. Kowace gona an kewaye ta da katangar dutse ko shinge, kuma hanyar ƙafa ba kullum take da ƙofa ba, wani wurin sai kin taka 'yar matakala kin tsallake. Ki auna tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya, da zane, tana ɗaga ƙafa ta haye wannan. Ta haye ta farko, ta haye ta biyu muna riƙe da ita. Ba ta ce uffan ba.

A gona ta uku ne abin ya faru. Wani mutum ya taho da ƙaton kare baƙi, ya sake shi ba igiya, alhali ga tumaki nan birjik a gonar. Karen nan ya sheƙo da gudu bai nufi kowa ba sai Inna, ya ɗaga ƙafafu ya dafa mata ƙirji. Ta ja da baya, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas cikin taɓo. Ina goye da jariri a gaba, ban iya ko sunkuyawa ba. Salati kawai take yi, muryarta na rawa. Shi kuwa mutumin yana tahowa a hankali, hannu cikin aljihu, yana murmushi, yana cewa wai karen ba ya cizo, wasa yake so. Wasa! Tsohuwa a ƙasa, hijabinta duk sawun ƙafar kare. Abban yara ya ce masa ya kama karensa. Sai fuskarsa ta canza. Ya dube mu daga sama har ƙasa, ya ce idan ba ma son karnuka me ya kawo mu nan. Bai ba da haƙuri ba, bai miƙa hannu ya ɗaga ta ba, bai ma tambaya ko ta ji ciwo ba. Ya yi wa karensa fito suka wuce.

Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Ba faɗuwar ce ta fi ci min rai ba, wannan kallon ne, da yadda Inna ta tambaye ni, "Me ya ce?" na ce mata haƙuri ya bayar. Na yi wa mahaifiyata ƙarya don kar ta ji abin da aka ce mana. Kuma hanyar nan ba ta gidan ubansa ba ce. Duk inda kika ga alamar kibiya ruwan ɗorawa a jikin itace, hanya ce da doka ta ba kowa damar bi, ko da ta ratsa ta tsakiyar gonar wani. Shi ne ma ya saɓa ƙa'ida, don an ce a riƙe kare da igiya a kusa da dabbobi. Duk wannan daga baya na sani. A ranar bakina ya mutu, na tsaya ina rawar jiki. Sau nawa na kwanta ina shirya amsar da ya kamata in ba shi. Na bar shi da Allah.

Muka juyo ba mu ko kai gindin tsaunin ba. Ruwa ya sauko, irin yayyafin nan da ba ya ƙarewa. Muka iso Castleton an fara duhu, bas ɗin da zai kai mu tasha ya wuce, na gaba sai an jima sosai, waya ba sabis sosai balle a kira tasi. Inna ba ta yi La'asar ba, ta ce ba za ta yi salla da kayan da kare ya taɓa ba, ni kuma ban zo da canji ba. Wata dattijuwa Baturiya ce ta gan mu a tsaye, ta tsayar da motarta, ta shimfiɗa bargo a kujera saboda taɓon, ta kai mu har tasha. Ko sunanta ban tambaya ba. Dole in faɗi wannan ma, don kar ki ɗauka duk haka suke. Gwiwar Inna sai da ta yi kwana goma a kumbure.

To 'yar uwa, don Allah ki cire tsauni daga lissafinki. Ki nemi inda za a zauna a ga abu, ba inda sai an wahala kafin a gani ba. Kuma kar ki fita ranar Lahadi tunda ba ku da mota, bas ɗin ƙauye ranar ƙalilan ne, shaguna ma da wuri suke rufewa. Kafin ki duba lokacin tafiya, fara duba lokacin dawowa, ki rubuta a takarda don waya na iya mutuwa.

Da Inna ta sake zuwa bayan shekara biyu, da ƙyar na shawo kanta ta yarda mu fita. Bakewell muka je, ranar Litinin, ranar kasuwarsu. Garin ba shi da tashar jirgi, amma akwai bas daga Sheffield. A ranar ce kuma ake cin kasuwar dabbobi, ga manoma da motocinsu cike da shanu da tumaki. Ki ga yadda fuskarta ta washe. Tun a hanya take leƙen taga tana tambaya wai ina makiyayan, ta ga tumaki ɗari a fili ba yaro ko ɗaya da sanda. Na nuna mata katangun dutsen nan da aka jera ba siminti, na ce su ne makiyayan. Ta yi ta jinjina kai, ta ce wanda ya ɗora duwatsun nan ya ci tuwo. A bakin kogin garin akwai kujeru, ga agwagi, ga kifi ana ganinsa a ruwa, ga wata tsohuwar gada ta dutse. Mun fi awa biyu a zaune muna cin dambun nama, ba ta ce mu tashi ba.

Kusa da nan akwai Monsal Trail, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka cire ƙarfen aka mayar ta masu tafiya da masu keke. Ta kai mil takwas da rabi, amma ba wanda ya ce sai kun ƙure ta, ku taka kaɗan ku juyo. A shimfiɗe take, ba matakala, ba tsallake shinge, har keken marasa lafiya yana bi. Sai dai daga cikin Bakewell zuwa bakinta akwai hawa, ki sa ta a tasi. Karnuka kam akwai, ba inda babu su a ƙasar nan. Ki riƙa tafiya ta gefen da suke tahowa, Hajiya ta ɗaya gefen, kuma tun daga nesa ki ɗaga murya ki ce a kama shi. Kar ki ji kunya. Yawanci suna kamawa har su ba da haƙuri.

Chatsworth ma yana nan kusa, gidan sarautar Devonshire ne, bas yana shiga har wurin. Shiga cikin gidan da lambun da kuɗi, kuma ba arha, amma filin da ke kewaye da shi kyauta ake yawo, ga kogi, ga tumaki, in kun yi sa'a ku ga barewa. Mu ba mu shiga gidan ba, Inna ta ce ita kallon kujerun mutane bai dame ta ba. In za ku shiga lambun, ki kira su tun kafin ranar ki tambayi keken turawa.

Abin da Inna ta fi so duka shi ne jirgin ruwa a Windermere, tafkin da ya fi kowane girma a Ingila. Jirgin ƙasa yana kai wa har garin, wani lokaci sai an canza a Oxenholme. Kar ki yarda a ce ku taka daga tasha zuwa bakin ruwa, ya fi mil guda, ku hau bas zuwa Bowness. Daga nan jirgin ruwa zai ɗauke ku zuwa wajen Ambleside, kamar rabin awa, tana zaune tsaunuka suna wucewa ta gabanta. Da farko ta riƙe hannuna gam tana addu'a, can sai na ji ta saki. Amma yankin nan ruwan sama ne da shi ko a Yuli, ki tafi da rigar ruwa da rigar sanyi. Sanyin da mu muka saba da shi, su yana shiga musu ƙashi. Ki saya mata takalmi mai igiya da safa mai kauri, ta sa dogon wando a ƙarƙashin zane. Za ta ƙi da farko, ki lallaɓa ta.

In kuma ta wajen Landan kuke, ban sani ba don ba ki faɗa ba, jirgi daga Paddington yana zuwa Moreton-in-Marsh, daga nan bas zuwa Bourton-on-the-Water. Ƙauye ne a shimfiɗe, ƙaramin kogi ya ratsa tsakiyarsa da ƙananan gadoji. Lokacin hutun makaranta cika yake yi maƙil, ku je tsakiyar mako da sassafe. Stonehenge kuwa, wurin manyan duwatsun nan da mutanen dā suka kakkafa a fili, ni ban ba ki shawara ba. Kuɗi ne mai yawa, iska ce a fili, duwatsun ma daga bayan igiya za ku tsaya. In yaranki na so saboda makaranta, ku je wata rana ba da ita ba.

Abinci ki dafa ki zuba a kula, kar ki dogara da ƙauye. Naman halal da wuya ki samu, kayan fulawar da ake sa nama a ciki kuma sau da yawa alade ne. Ko kifi da dankali sai kin tambaya, wasu da kitsen sa suke soyawa, wasu suna zuba giya a ƙullun. Filas na shayi, buta ƙarama ko gorar ruwa, sallaya mai leda a ƙasa don ciyawa kullum a jiƙe take, da zane da hijabi na canji. Wannan na ƙarshen kar ki manta shi, ni na san abin da rashinsa ya ja min. Mun yi salla a gindin bishiya a Chatsworth, mutane suna wucewa, ba wanda ya tanka. Ke da za ku fita a Yuli ma kin huta, Magariba sai wajen tara na dare, kun daɗe da komawa gida. Banɗaki kuma duk inda kuka gani ku shiga, ko ba ta ce ba, don ba za ta ce ba.

Af, tun kafin ta taso ki gaya mata kar ta sako kilishi ko man shanu a jaka. An hana shigo da nama da kayan madara daga can, ƙwacewa ake yi a filin jirgi, kuma ran tsofaffi yana ɓaci ƙwarai a kan wannan. Sannan in ta haura sittin ki yi mata katin rangwamen jirgin ƙasa na dattawa, ana cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, fita biyu ko uku ya mayar da kuɗinsa.

Maganar kallo da kika yi, eh, za a kalle ku. A wasu ƙauyukan ku kaɗai ne baƙaƙe, ku kaɗai ne masu hijabi. Mafi yawa gaisuwa ce ke biyo bayan kallon, don mutanen ƙauye sun fi na birni gaisuwa, Inna har ta koyi ɗaga musu hannu. Amma irin mai karen nan suna nan, ba zan ɓoye miki ba. Ko ƙungiyar nan ta Musulmi masu hawa tsaunuka, Muslim Hikers, da suka hau Mam Tor ɗin nan a ranar Kirsimeti ta 2021, da suka sa hotuna sai da aka yi ta yi musu baƙaƙen maganganu a intanet, kuma ba su fasa fita ba. Na yi kuka da na ga hotunansu, don daidai inda muka kasa kaiwa ne. Shi ya sa nake cewa ku fita da yawa in da hali, gida biyu ko uku. Da muna da yawa a ranar nan, ban jin zai iya buɗe baki ya faɗi abin da ya faɗa.

Inna ta koma gida da hoton da muka ɗauke ta a jirgin ruwa, ƙanwata ta ce duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Maganar kare kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, ko sau ɗaya, ni ma ban taɓa gaya mata gaskiyar abin da mutumin ya ce ba.

Ki faɗa min garin da kuke. Ina da 'yar kujera mai naɗewa da sandar dogarawa da na saya wa Inna, suna nan a ajiye ba mai amfani da su, in kuna kusa sai Abban yara ya miƙo miki kafin Hajiya ta iso. Allah Ya kawo ta lafiya, ki gaishe ta in kun yi waya.