Amfilifayata ta bawul tana tartsatsi, in cire resistan da ke zafi?

TAMBAYA: Malam, daga Aboabo nake a Kumasi. Na haɗa amfilifaya mai ƙara wa rediyon sadarwata ƙarfi, da bawul (kwalbar gilas mai ƙara ƙarfin sigina) 811A guda biyu, girid ɗinsu haɗe da ƙasa, volt 1,500. Da na hau zangon rediyo na mita 15 sai allurar ma'aunin wuta ta yi tsalle, in ji ƙara tas, bawul su yi ja. Wani masta ya ce resistocin da ke kan kondensa ne ke cin wuta, in cire su. Tsoro nake kada taransifoma ta ƙone.

AMSA: Ƙanena, ka bar maganar taransifoma tukuna, ranka nake ji wa tsoro.

Ciwon injinka sananne ne, yana haifar da sigina da kansa can sama a VHF, wato zangon rediyo da ke sama da wanda kake aiki a kai. Sa masa lodin gwaji na ohm 50 a madadin eriya, ka danna maɓallin watsawa ba tare da ka tura masa sigina ba, ka juya maɓallan saiti biyu, na tun (tune) da na lod (load), daga farko har ƙarshe. In allurar girid ta motsa, shi ne. A hular kowane bawul ka sa resista ohm 47 mai wat 2, irin wadda ba naɗin waya ba ce, da zagaye uku ko huɗu na waya mai kauri a kanta. Gajarta wayar girid zuwa shasi, wato jikin ƙarfen injin, iya ƙarfinka, ka raba shiga da fita da farantin ƙarfe. Ka ƙara resista ohm 15 mai wat 10 a layin babbar wuta don ta tare tartsatsi. Kafin wannan kada ka haɗa eriya, don siginar nan na iya faɗawa zangon jiragen sama. Tsakanin 118 da 137 MHz jiragen sama ke magana, kuma lasisin 9G na masu rediyon sha'awa da NCA, hukumar sadarwa ta Ghana, ke bayarwa bai ba ka wurin ba.

Sai zancen mastan nan. Wallahi na gaji da jin wannan shawara. Zafi shi ne aikin resistocin: su ke raba wuta daidai tsakanin kondensa, su ke zuƙe ta bayan ka kashe. Ka cire su, kondensa ta riƙe wutarta ta zauna shiru tana jiran hannu. Mutanenmu sun ɗauka da an zare fulogi magana ta ƙare. Wasu ma dumsor suke jira, wai an ɗauke wuta, lokacin buɗe inji ya yi, fulogi kuwa na nan a bango! Wa ya gaya maka sa'ar da za a dawo da ita? Kondensa mai mikrofarad 50 a volt 1,500 tana riƙe da ƙarfin wuta jul 56, ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato. Masu gyaran rediyon batir sun saba wuta ta ɗan ja su su yi dariya, shi ya sa suke ba da fatawa a kan abin da ba su taɓa riƙewa ba.

Ko resistocin na nan, kada ka ba su amana, sukan yanke ba alama. Testa mai ɗan ƙwai ta wutar gida ce, yawancin mitocin kasuwa kuma iyakarsu volt 1,000. Zare fulogi, jira allurar babbar wuta ta kwanta a sifiri, sannan ka taɓa kowace kondensa da hular bawul da sanda mai mariƙin roba wadda wayarta ke ɗaure da shasi, ka bar ta maƙale har ka gama. Hannu ɗaya a aljihu, takalmi a ƙafa, kada ka yi aikin da jiƙaƙƙen hannun alwala, kuma a samu babba a kusa wanda ya san inda makashin wutar gidan yake. Yara kuwa a fitar da su tsakar gida kafin ka kwance sukurun farko.