Albashin da nake biyan kaina, zan cire shi kafin haraji?

Tambaya: Malam, ni ɗan Najeriya ne, ina da kamfani a Jidda da lasisin zuba jari, muna tura dabino da jallabiyoyi Kano. Ni ke tafiyar da komai, ina yanka wa kaina Riyal 20,000 duk wata. Wani mu'akkib, wato mai bin takardu a ma'aikatu, ya ce in rubuta shi cikin kuɗin kashewa, haraji zai ragu. Yanzu akawuna ya ce akwai matsala, hankalina ya tashi.

Amsa: Alhaji, akawunka ne da gaskiya. A dokar harajin kuɗin shiga ta Saudiyya, albashin da kamfani ya biya mai shi, ko abokin tarayya, ba a cire shi daga riba. Haka wanda aka biya iyayensa, matarsa, 'ya'yansa ko 'yan uwansa na jini. Masu hannun jari a kamfanin musahama, wato kamfanin da jarinsa ke rabe cikin hannayen jari (joint stock), kaɗai aka keɓe. Riyal 240,000 ɗin nan na shekara hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, wato ZATCA, za ta mayar da shi cikin riba, ta ɗauki kashi 20 cikin ɗari, wato Riyal 48,000.

Abin da ke ɓata min rai, kusan kullum sai wani ya miƙo min waya a ofis, ya ce in kalli bidiyon wani Ba'amurke yana cewa albashi in dai bai wuce kima ba ana cire shi. Gaskiya ne, amma a Amurka! Can sashe na 162 na dokar harajinsu ya yarda da haka, kuma mai karɓar albashin yana biyan haraji a kansa. Nan ba a ɗaukar haraji a kan albashi. Da an bar ƙofar a buɗe, kowa sai ya kwashe ribarsa ya kira ta albashi. Don haka ba zancen yawa ko ƙanƙanta ba ne, ko Riyal 2,000 ka rubuta hukuncin ɗaya ne. Shi kuma mu'akkib aikinsa bin takardu a ma'aikatu, yaushe ya zama masanin haraji? Ranar da tara ta sauko, kashi 1 cikin ɗari na harajin da ba a biya ba duk kwana 30, ba zai ɗaga maka waya ba. Wasu ma sai su ce a sa sunan uwargida, alhali dokar ta riga ta ambace ta.

Ka ci gaba da ɗaukar kuɗinka, halalinka ne. Amma a takardar harajin da ake miƙa wa ZATCA cikin kwana 120 bayan rufe shekara, a mayar da albashin cikin riba. In kun riga kun miƙa ta bara da kuskuren, ka sa akawu ya gyara tun kafin su aiko maka.