Mahaifiyata tana shan bitamin D kullum, amma jikinta ya canza

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekarunta 74, tana fama da ciwon baya da ƙugu. Wani mai sayar da magani ya ba ta ƙwayar bitamin D mai ƙarfin 50,000 IU (ma'aunin yawan bitamin), ya ce ta riƙa sha kullum don ƙashinta ya yi ƙwari. Wata biyu ke nan, yanzu sai yawan ƙishirwa da fitsari, wani lokaci har tana rikicewa. Hankalina ya tashi.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Malama, ki dakatar da ƙwayar nan yau, ki kai ta asibiti a auna kalsiyam da bitamin D na jininta, a kuma duba ƙodarta, domin alamomin da kika lissafa sun yi kama da na kalsiyam da ya yi yawa a jini.

Gaskiya ne fatar tsofaffi ba ta samar da bitamin D daga hasken rana kamar ta matasa, kuma ba tare da bitamin D ba hanji ba ya tsotse kalsiyam yadda ya kamata. Amma abin da wanda ya haura shekara 70 yake buƙata a rana shi ne 800 IU, iyakar da ba a so a wuce kuwa 4,000 IU ce. Ƙwayar 50,000 IU ana ba da ita ne yawanci sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, ga wanda gwaji ya tabbatar yana da ƙarancinsa.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan zance da nake ji kullum, wai bitamin ba ya illa, in ya yi yawa fitsari zai fitar da shi. Ba haka bitamin D yake ba. A kitsen jiki yake taruwa, yana kuma iya ɗaukar watanni kafin ya ragu, kalsiyam kuwa yana ta hauhawa har ya haifar da tsakuwar ƙoda ko ya lalata ƙodar ɗungurum. Ko ƙashin da ake iƙirarin karewa ba ya tsira: a wani bincike da aka wallafa a 2010, tsofaffin mata a Ostiraliya da aka ba 500,000 IU sau ɗaya a shekara sun fi waɗanda ba a ba su ba yawan faɗuwa da karaya. Duk da haka, mutumin da bai taɓa ganin sakamakon gwajin majinyaciya ba zai miƙa mata kwalba ya ce ta sha kullum!

Bayan an shawo kan wannan, a binciki ainihin dalilin ciwon bayan. Idan zaizayewar ƙashi ce, hoton DEXA, wanda ake auna ƙwarin ƙashi da shi, zai nuna, kuma tana da magungunanta daban, bitamin D shi kaɗai ba ya warkar da ita.