Tambaya da Amsa: Shin Maganar Hannu Za Ta Hana Ɗana Kurma Koyon Magana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗa mai shekara biyu da wata huɗu wanda har yau bai furta ko kalma ɗaya ba. Da aka yi masa gwaji, likita ya ce yana da kurumta mai tsanani a kunnuwansa biyu. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yana waiwayowa idan an buga ƙofa da ƙarfi, kuma ya yi gwaranci yana jinjiri, shi ya sa kakarsa ta dage cewa nauyin baki ne kawai. Likitan ya ba mu shawarar fara maganar hannu da shi, amma mahaifinsa yana tsoron idan ya saba da ita ba zai ƙara ƙoƙarin buɗe baki ba. Ina mafita? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Zan fara da hujjar kakarsa, domin abin da ta gani gaskiya ne, fassararsa ce ba daidai ba. Kurumta mataki-mataki ce, kuma kurame da yawa suna da ɗan ragowar ji, musamman na sauti mai kauri da ƙarfi. Bugun ƙofa yana cikin wannan rukuni, ga shi kuma yana girgiza ƙasa da bango, yaro ya ji shi a jikinsa ko da kunne bai kama komai ba. Hira ta yau da kullum kuwa ƙarfinta matsakaici ne, wajen desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma siraran sautuka irin su “s” da “sh” da “f” sun fi haka rauni, su ne ke fara ɓacewa. Gwarancin ma ba shaida ba ne, saboda jinjirin da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana fitar da sauti a watanninsa na farko. Bambancin yakan bayyana ne bayan wata shida, lokacin da mai ji yake fara jera gaɓoɓi irin su “ba-ba-ba” yana sauraren kansa, shi kuwa kurma sai wannan mataki ya yi jinkiri ƙwarai ko ya ragu.

Sauti yana kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa motsin zuwa wani sashe na can ciki mai siffar katantanwa, inda dubban ƙwayoyin halitta masu kama da gashi suke mayar da shi saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan matsalar a waje take, kamar ruwa a bayan dodon kunne, magani ko tiyata kan gyara. Idan waɗannan ƙwayoyin ne suka lalace, ba sa sake tsirowa. Akan haifi yaro da hakan ta hanyar gado ko da iyayensa duka suna ji, ko kuma sanƙarau, ƙyanda, ciwon shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko wasu allurai masu ƙarfi irin su gentamicin su haddasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara.

Yanzu ga tsoron maigidanki, wanda a ganina shi ne gundarin tambayar. Abin da ya fi cutar da yaro kurma shi ne ya shafe shekarunsa na farko babu wani harshe da ke shiga kansa. Ƙwaƙwalwa tana da lokacin da take ɗaukar harshe cikin sauƙi, daga haihuwa zuwa kimanin shekara biyar, kuma ba ruwanta da ƙofar da harshen ya shigo, ta kunne ce ko ta ido. Wanda ya wuce wannan lokaci hannu rabbana yakan sha wahalar karatu da lissafi da bayyana abin da ke ransa har girmansa, sai mutane su ɗauka ƙarancin basira ne, alhali basirarsa lafiya lau take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyaye masu ji ne suka haife su, waɗanda galibi ba su taɓa koyon maganar hannu ba, don haka wannan haɗari a cikin gidaje masu ƙaunar 'ya'yansu yake faruwa.

Tsoron nan tsoho ne. A shekarar 1880, wani babban taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a fifita koyar da furuci a kan maganar hannu, aka kore ta daga makarantu da yawa na tsawon shekaru. Sai a 1960 William Stokoe, malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington, ya nuna cewa maganar hannun Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta. Ba kuma iri ɗaya ba ce a duniya, domin ta Amurka daban, ta Ingila daban, duk da cewa ƙasashen biyu Turanci suke yi. Jariran da ake yi wa maganar hannu tun haihuwa har gwaranci suke yi da yatsunsu. Yaron da ya riga ya san da hannu cewa kowane abu yana da suna, ya san tambaya da amsa, yana da tubalin da zai ɗora furuci a kai idan kunnensa ya samu taimako.

Kada kuma a dogara da karanta leɓe, kamar yadda wasu ke ba da shawara. Ki tsaya gaban madubi ki ce “baba”, sannan ki ce “mama”, ba tare da murya ba, za ki ga motsin bakin ɗaya ne. Haka “bari” da “mari”. Su “k” da “g” da “ƙ” kuwa a can cikin baki ake yin su, ido ba ya ganinsu, balle karin sautin da ke bambanta kalmomi. Babban mutumin da ya riga ya san harshe yana cike giɓin da hasashe, amma ɗan shekara biyu da me zai yi hasashen?

Shawarata ita ce ku haɗa biyun, kuma ku fara a wannan makon. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida; kun wuce wannan, amma da sauran lokaci mai albarka a gabanku. Ku koma wurin likita ku ji ko na'urar ƙara ji za ta amfane shi, ko kuwa irin wadda ake dasawa ta hanyar tiyata. Dukansu ba sa mayar da ji kamar na kowa, suna buƙatar horo mai tsawo, kuma da zarar an cire su don wanka ko barci yaron kurma ne. Ku nemi kurame manya ko malaman makarantar kurame su koya wa gidan gaba ɗaya, har da kakar, domin idan uwa kaɗai ta iya, yaron zai zauna a tsakiyar 'yan'uwansa ana dariya bai san dalili ba.

A cikin gida, ki durƙusa daidai tsayinsa, haske yana kan fuskarki, ki taɓa kafaɗarsa ko ki ɗaga masa hannu kafin ki fara. Ki nuna masa abin, ki jira ya ɗago ido ya kalle ki, sannan ki yi alamar tare da furta sunan, domin ba zai iya kallon kofi da hannunki a lokaci guda ba. Ki riƙa sanar da shi idan za ki fita daga ɗaki, tunda ba ya jin motsinki daga nesa ya san kina nan, kuma a bakin titi hannunsa ya kasance cikin naki. Ki tambayi likitan ko an gano musabbabin kurumtar, sannan duk ƙanin da aka haifa masa a kai shi gwajin ji tun a watan farko.