Tambaya da Amsa: Me karatun kulliya zai yi mini a gaban yara 70?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a wata kulliyar tarbiyya, wato kwalejin horon malamai, gidanmu yana Gadarif a ƙasar Sudan. An tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni 'yan aji ɗaya na firamare. Sun haura 70, kuma yawancinsu 'ya'yan Hausawanmu ne da Larabci bai zauna musu a baki ba. Na shiga da daftarin darasi tsaf, amma kafin minti goma aji ya kacame. Da kuka na fito. Shekara uku muna haddar ilimin halayyar yara da hanyoyin koyarwa, ban ga ranarsu ba. Shin ɓata lokaci muke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Share hawayenki. Ranar da na fara tsayawa gaban allo, a wata makaranta kusa da Sinnar, darasin da na kwana ina shirya wa minti 40 ya ƙare mini cikin rubu'in awa. Na tsaya da alli a hannu, yara suna kallona. Har yau ina jin nauyin wannan shirun.

Ba ɓata lokaci kuke yi ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, an nesanta littafi da aji, kuma ba haka ƙasar nan ta faro ba. A 1934 aka buɗe makarantar horon malamai ta Bakhtar Ruda kusa da Duwem, a gefen Farin Nilu, ƙarƙashin Baturen nan Girifis. Da gangan aka kai ta karkara, don wanda za a tura ƙauye ya saba da zaman ƙauye. A jikinta akwai firamare, kuma darasi ba ya shiga littafi sai an gwada shi a gaban yara na gaske, an ga inda suka yi tuntuɓe, an gyara. Sunanta ya kai har Arewacin Nijeriya. Marigayi Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a can a tsakiyar shekarun 1950. A shekarun 1990 aka mayar da horon malaman firamare hannun jami'o'i, Bakhtar Ruda ma ta zama jami'a a 1997. Malami ya samu digiri, kuma na yi murna da hakan, don ya cancanta. Abin da ya ciji raina shi ne ɗalibi ya daɗe yana sauraron lacca kafin ya shaƙi ƙurar aji.

To, ki koma kan abin da kika haddace, amma wannan karon da fuskokin yaranki a zuci. An karantar da ku Piyaje, masanin nan na ilimin halayyar yara, ko? Ya nuna cewa ƙaramin yaro da abin da ya gani ya taɓa yake tunani, ba da dogon bayani ba. Wannan ba amsar jarrabawa ba ce kawai. Ma'anarsa, gobe ki shiga da ƙullin 'ya'yan dabino ko murafun kwalba, ki raba wa kowane benci, su ƙirga da hannunsu kafin ki rubuta lamba a allo. Hannun da ke ƙirga ba ya tsokanar maƙwabci.

Batun harshe kuwa, nan ne nake so ki natsu. Yaron da ya yi zuru ba daƙiƙi ba ne, bai ji abin da kika ce ba ne. Na taɓa samun wani ɗan garin Mai Wurno da ya yi wata guda bai ce uffan ba. Ran nan na nuna hoton akuya, na sunkuya na ce masa da Hausa, "Mene ne wannan?" Sai ga baki ya buɗe, har da labarin akuyar kakarsa. Larabci ne harshen makaranta, da shi za su rubuta jarrabawa, kada ki tauye musu shi. Ki faɗi kalma da Larabci, ki ɗora ma'anarta da Hausa sau ɗaya, ki dawo Larabci su maimaita. Ki tuna akwai waɗanda ba Hausawa ba a ajin, kada su ji an ware su. In mai duba ku ya tambaya, ki yi masa bayani da ladabi. Kuma da yawa cikin yaran sun zauna a makarantar allo, sun san baƙaƙe. Ki tambaye su, ki ɗora daga inda malaminsu na allo ya tsaya.

Ga kuma abin da littattafanku ba su hango ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, makarantu sun daɗe a rufe, wasu sun zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani. Za ki tarar da ɗan shekara tara a benci ɗaya da ɗan shida, da wanda ƙarar rufe ƙofa ke firgita shi. Irin wannan yaro tsawa ba ta gyara shi. Manyan kuma ki ba su aikin raba kaya da taimakon ƙanana.

Kafin ki koma, ki tara ƙawayenki biyar ku yi ƙaramin gwaji, irin wanda aka faro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ki koyar da abu ɗaya tak cikin minti biyar, su faɗa miki gaskiya, ki sake. Ki sa ɗaya ta ɗauke ki a waya, ki ga ko allo kike yi wa magana. Sannan ki nemi malamar da ta fi daɗewa a makarantar, ki roƙe ta ki zauna a bayan ajinta kwana uku, ki lura da yadda take shigowa da yadda take tsayar da surutu. Duk abin da ya gagare ki, ki rubuta shi a bayan daftarinki, ki kai wa malamin hanyoyin koyarwa a tsakiyar lacca, don 'yan'uwanki su ji amsar.

Bayan mako biyu ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda 'ya'yan dabinon suka yi. Ki gaida mutanen Gadarif.